Amsoshin Tambayoyinku: Fitilar LED da Murjanin Tankin Gilashi

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Yau wasiƙun da suka taru a gabana kusan duk akan abu ɗaya suke, wato hasken da ake kunna wa murjani a tankin gilashi na ruwan gishiri, toh bari mu fara kawai dan lokacin ba yawa.

Ta farko daga wani bawan Allah ce, yace shekara biyu yana amfani da dogayen ƙwayayen nan na T5, sai ya canza ya ɗaura fitilar LED sabuwa, da ya kunna yaga kamar tankin ya fi da duhu, shine ya ƙure ta har ɗari bisa ɗari, kafin kwana goma murjanin da ke can sama ya fara yin fari fat. Yana tambaya ko jabu aka sayar masa.

Ɗan'uwa fitilarka ƙalau take, ido ne ya yaudare ka, kuma ba kai kaɗai ba wallahi, wannan kuskuren yana yawan kashe murjani a hannun masu sabuwar LED. Shi murjani dabba ne mai rai, amma a cikin naman jikinsa akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ake kira zuzantele, su ke karɓar haske su haɗa abinci kamar yadda ganye ke yi, su ba shi kaso mafi tsoka na abin da yake rayuwa da shi, kuma su ne ke ba shi launin nan na ƙasa-ƙasa. Hasken da suka fi sha shine shuɗi, wajen nanomita 450, nanomita kuwa ma'aunin tsawon zangon haske ne da ke bambanta launuka. Shi kuwa idon ɗan Adam ya fi jin kore mai ɗan rawaya, wajen nanomita 555, shuɗi dishi-dishi yake ganinsa. Kaga kenan kai kana tsaye kana cewa tankin yayi duhu, shi murjanin yana can ciki rana ta take masa ka. In hasken ya wuce abin da zuzantelen za su iya ɗauka sai su fara fitar da sinadarai masu ƙona jikinsa, shi kuma ya kore su, naman ya zama kamar gilashi kana hango farin ƙashin daga ciki. Farin da ka gani kenan.

Ma'aunin da ake aiki da shi sunansa PAR, yana ƙirga hasken da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 wanda ya sauka a daidai wurin da murjanin yake zaune. Akwai mita ta musamman, irin ta Apogee misali, mai ɗan kai kamar maɓalli da ake ɗaurawa a sanda a tsoma cikin ruwa. Murjani masu laushin jiki da masu manyan baki, PAR 50 zuwa 150 ya ishe su. Masu rassa irin su Acropora su ke son 200 zuwa 350. In ba ka da mitar ka aro ko ta wuni ɗaya ce, ka auna sama, tsakiya, kan yashi, da kusurwoyi huɗu, ka rubuta a takarda ka liƙa a jikin kabad ɗin tankin. Manhajar waya mai auna hasken ɗaki ba za ta yi maka wannan aikin ba, dan ita ma da idon mutum aka saita ta.

Yanzu abin yi. Yau ɗin nan ka sauke fitilar zuwa kashi 40 ko ƙasa da haka, wanda ya fi yin fari ka sauko da shi kusa da yashi. Da daddare ka haska shi da ƙaramar tocila ka matso sosai, in kaga ƴan ƙananan bakunan murjanin suna leƙowa daga ramukansu kamar gashi-gashi, toh da ransa, kar ka cire shi. Ni da kaina na taɓa zama gaban wani reshen Acropora nawa da ya koma fari kamar alli bayan na canza fitila, kullum da safe sai na duba, sai a sati na biyar naga ɗan launin shayi ya fara dawowa daga gindin reshen yana hawa sama a hankali, ranar nayi murna ba kaɗan ba. Ka kula da zafin ruwa ma, ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 26, dan zafi da haske in suka haɗu ɓarnar ninkawa take. In ya farfaɗo sai ka riƙa ƙara kashi 5 duk sati, kana kallon yadda yake karɓa. Fitilu irin su Radion da Hydra ma suna da saitin da ke ƙara hasken da kansa kaɗan-kaɗan tsawon makonni, ka kunna shi.

Sai wasiƙar wata baiwar Allah, tace tankinta yayi shuɗi da yawa har mutanen gida na cewa ba sa ganin ainihin launin kifayen, ko za ta iya ƙara fari?

Za ki iya Hajiya. Dalilin shuɗin shine ruwan teku ja yake fara haɗiyewa, kafin a nutsa mita goma kusan ya ɓace, shuɗi ne ke ratsawa can ƙasa, da shi murjani ya saba. Kuma shi ke sa ƙyallin nan kore da lemo ya tashi, dan akwai furotin a jikin murjanin da ke shan shuɗi ya mayar da wani launi. Abin mamaki ma, ita farar LED ɗin kanta shuɗiya ce aka shafe ta da wani sinadari mai rawaya, kuma wannan shuɗiyar ƙwaya ce ta sa masana uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka samu kyautar Nobel a 2014. Toh ki bar shuɗin a inda yake, ki ɗaga fari na awa biyu ko uku a lokacin da aka fi zama gaban tankin, amma ki tuna fari ma haske ne, yana ƙara PAR, in kin ɗaga shi da yawa ki ɗan rage shuɗin. Ja da kore kuwa ki bar su ƙasa-ƙasa.

Wani yace awa nawa zai bar fitilar a kunne, kuma ya bar ɗan hasken dare na fitilar, wanda ake kira hasken wata, har asuba? Awa takwas zuwa tara da cikakken ƙarfi, da awa ɗaya na tashi a hankali, awa ɗaya na sauka. Hasken wata awa ɗaya ko biyu sai ka kashe, suna buƙatar duhu na gaske, da dama a cikinsu da dare suke miƙo hannuwansu su kama abinci. Kuma dan Allah Malam in ka saita ka cire hannunka daga manhajar saita fitilar, yau shuɗi gobe fari jibi walƙiya, murjani makonni yake ɗauka kafin ya saba da haske ɗaya.

Ta ƙarshe, mai ita yace nasa murjanin ya rine ya koma ruwan ƙasa, kuma ƙasan rassan yana mutuwa alhali saman yana girma. Matsala biyu ce ka haɗa ɗan'uwa. Rinewar, zuzantele ne suka yi yawa har suka rufe sauran launukan, ko dai haske yayi kaɗan ko kuma datti yayi yawa a ruwan, saboda haka ka gwada naitiret da fosfet, sinadaran da datti ke tarawa a ruwa, tukuna kafin ka taɓa fitila, dan in ruwan ne matsalar ƙara haske gansakuka kawai zai haifar maka a jikin gilashi. Mutuwar ƙasan rassa kuma inuwa ce. LED daga wuri ɗaya take harbo haske kamar tocila, reshen sama sai ya tare wa na ƙasa, ba kamar dogon ƙwan T5 da ke watsa shi ta ko'ina ba. Ka ɗaga fitilar ta kai santimita 20 zuwa 30 daga saman ruwa, in tankin dogo ne ƙanana biyu sun fi babba ɗaya, wasu ma suna ƙara T5 a gefe da gefe. Sannan ka leƙa ƙasan fitilar, na tabbata za ka ga gishiri ya bushe a jikin gilashinta fari-fari yana tare haske, ka zare ta daga soket tukuna, ka goge da tsumma mai ɗan danshi na ruwan da ba gishiri, ka busa ƙurar fankarta, sai ka sake aunawa kafin ka ƙara ko kashi ɗaya.