Lacca: Na'urorin Auna Iskar Cikin Gini, da Inda Suke Yaudarar Mu

Assalamu alaikum. Jama'a, kafin mu kai ga maganar yadda na'urorin auna iska ke aika bayanai ta intanet, bari mu fara da abin da ake aunawa.

Iskar CO2 da muke fitarwa a numfashi ita ce ke nuna ko iskar ɗaki tana sabuntuwa. A waje tana kusan 420 ppm, wato kashi 420 cikin miliyan. In ta haura 1,000 a aji ko ofis, to iskar da ke shigowa ta yi wa mutanen ciki kaɗan. Sai ƙura mai laushi, PM2.5, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ce matsakaicinta na awa 24 kada ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik. Laimar iska kuwa, wato danshinta, tsakanin kashi 40 zuwa 60 ake so. In ta daɗe a sama da haka, sai funfuna.

Wurin kafa na'urar: daidai tsayin numfashi, kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da taga, ƙofa, bakin iyakwandishan da hasken rana. Kada a ɗora ta gaban mai zama, don numfashinsa kaɗai za ta riƙa karantawa.

To, ga inda nake so ku saurara da kyau. Na'urar CO2 ta gaske, mai suna NDIR, da hasken infirared, wanda ido ba ya gani, take awo. Wadda kuka ga an rubuta mata eCO2 kintace kawai take yi daga wasu tururin sinadarai, shi ya sa turare ko ruwan wanke hannu ke ruɗa ta. Ita ma ta gasken da nata aibin. Yawancinsu suna gyara saitinsu da kansu: su ɗauki awo mafi ƙanƙanta na kusan mako guda, su ƙaddara shi ne 400 ppm, wato kusan awon iskar waje. A makaranta, inda ake watsewa da dare, daidai ne. Amma a ɗakin kwanciyar asibiti da ba ya rabuwa da mutane? Sai ta mai da gurɓatacciyar iska ma'auninta, ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya. A irin wannan wuri a kashe wannan gyaran saiti na kai-da-kai, a riƙa fita da ita waje ana daidaitawa da hannu.

Na'urar ƙura ma tana ƙara gishiri in laima ta yi yawa, saboda ƙwayoyin suna shan ruwa su kumbura.

Batun aika bayanai ba wuya. Wi-Fi na cin batir, kuma ɗuminsa kan ɗaga awon zafi in akwati ɗaya suke da ma'aunin zafin. LoRaWAN, wata hanyar aika bayanai ta rediyo, ya fi kai wa nesa da ƙarancin wuta. Aikawa duk minti biyar ko goma ya wadatar.

Kuma don Allah, CO2 daban, CO (carbon monoxide) daban. Ta biyun ita ce mai kisa, tana fitowa daga janareto da gawayi, kuma ƙararrawarta daban ake saye.