Daga Taksim zuwa Galatasaray: Abin da Ya Tsayar da Turkiyya a Ƙofar Tarayyar Turai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau ina magana da ku ne daga dandalin Taksim a birnin Istanbul, kuma wannan ɗan lambun da kuke hange a bayana shi ne Gezi, wanda yunƙurin sare itatuwansa a ƙarshen watan Mayun 2013 ya tayar da zanga-zangar da ta bazu zuwa manyan biranen ƙasar. Na zaɓi in fara daga nan ne saboda wata tambaya da kuke yawan aiko mini, wato mene ne ya hana Turkiyya shiga Tarayyar Turai duk da daɗewar da ta yi tana nema. Amsar da aka fi ji ita ce don ƙasar Musulmi ce, kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba, amma zaman da na yi a nan ya nuna mini cewa wanda ya tsaya a kan wannan amsa kaɗai ya bar mafi yawan labarin a baya.

Tarihin neman ba zai ɗauke mu lokaci ba. An sanya hannu kan Yarjejeniyar Ankara, wadda ta ƙulla ƙawance tsakanin Turkiyya da ƙungiyar da daga baya ta zama Tarayyar Turai, a 1963, Turkiyya ta nemi cikakken zama mamba a 1987, aka ba ta matsayin 'yar takara a taron Helsinki na 1999, sannan aka buɗe tattaunawa ranar 3 ga Oktoban 2005, rana ɗaya da Kuroshiya. Kuroshiya ta shige a 2013. Ita kuwa Turkiyya, daga cikin babi 35 da ake tattaunawa a kansu, 16 kawai aka buɗe, ɗaya tak aka rufe, shi ne na kimiyya da bincike, kuma a watan Yunin 2018 Tarayyar ta bayyana cewa tattaunawar ta tsaya cik.

Abin da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba shi ne irin gyaran da ƙasar nan ta yi a farkon shekarun 2000, domin ba wasan yara ba ne. Sharuɗɗan Kofanhagin na 1993 sun buƙaci duk mai son shiga ya nuna dimokuraɗiyya mai ɗorewa, da bin doka, da kare haƙƙin ɗan Adam da na tsirarun ƙabilu, kuma majalisar dokokin Turkiyya ta zage damtse a kan hakan. A 2002 aka soke hukuncin kisa a lokacin zaman lafiya, abin da ya sa aka mayar da hukuncin Abdullah Ocalan, shugaban ƙungiyar 'yan tawayen Kurdawa ta PKK, zuwa ɗaurin rai da rai, duk da cewa a wancan lokaci babu mutumin da jama'a da yawa suka fi son ganin an rataye kamarsa. A 2004 aka soke hukuncin kisan baki ɗaya, aka rushe kotunan tsaron ƙasa, aka kuma naɗa farar hula a matsayin sakatare janar na Majalisar Tsaron Ƙasa, kujerar da janar-janar na soja suka saba riƙewa. Harshen Kurdawa, wanda a da ake hukunta mutum saboda buga littafi ko rera waƙa da shi, ya samu tashar talabijin ta gwamnati a watan Janairun 2009. Akwai kuma wani gyara da nake so ku riƙe a zuciya, domin zan dawo kansa: a 2004 an ƙara wa sashe na 90 na kundin tsarin mulki cewa idan dokar cikin gida ta ci karo da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin ɗan Adam, to yarjejeniyar ce za a bi.

Yanzu bari mu gangara ta titin Istiklal, ku yi haƙuri da hayaniyar jama'a da ƙararrawar wannan jan taragon da ke ratsa tsakiyar titin. Kafin mu isa inda za mu, adalci ya wajabta in faɗi laifin Turai, domin ita ma hannunta ba a wanke yake ba. A watan Afrilun 2004 Turkawan Saifurus sun amince da shirin Kofi Annan na haɗe tsibirin da ya rabu biyu tsakaninsu da Girkawa, Girkawan tsibirin suka yi watsi da shi, amma bayan mako guda aka shigar da ɓangaren Girkawan cikin Tarayyar da ikon hawa kujerar na-ƙi. A 2006 aka dakatar da babi takwas saboda Turkiyya ta ƙi buɗe tashoshin jiragenta ga Saifurus, sannan Nicolas Sarkozy na Faransa ya toshe wasu babin, yayin da Angela Merkel ta Jamus ke tallata wata dangantaka ta musamman a maimakon cikakken zama mamba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babi na 23 da na 24, waɗanda su ne suka shafi shari'a da 'yanci da haƙƙoƙin jama'a, ba a taɓa buɗe su ba, saboda Saifurus ta toshe su tun 2009. Wato fannin da Turai ta fi sukar Turkiyya a kansa shi ne ainihin fannin da ta ƙi zama da ita a tattauna. Ba abin mamaki ba ne idan ɗan Turkiyya ya ce maka an yi musu romon baka ne kawai.

To, ga mu a Galatasaray. Wannan ɗan fili da ke gaban tsohuwar makarantar shi ne inda tun watan Mayun 1995 wasu iyaye mata suka fara zama duk ranar Asabar, riƙe da jajayen furanni da hotunan 'ya'yansu da suka ɓace bayan jami'an tsaro sun kama su, galibi a shekarun 1980 da 1990. Ba sa rera taken siyasa, ba sa jifa, suna zaune ne kawai suna tambayar inda aka binne 'ya'yansu da kuma wanda ya ba da umarni. A 2011 Recep Tayyip Erdogan, yana firaminista a lokacin, ya karɓi baƙuncinsu, a cikinsu har da wata tsohuwa mai shekara sama da 100 da ke neman ɗanta tun bayan juyin mulkin 1980. Ta rasu ba ta ga kabarinsa ba. A watan Agustan 2018, ranar zamansu na 700, 'yan sanda suka tarwatsa su da hayaƙi mai sa hawaye, aka kewaye filin da shingen ƙarfe. Daga baya Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci cewa haramcin ya take haƙƙinsu, amma aka ci gaba da kama su mako bayan mako har tsawon watanni, kafin a ƙarshen 2023 a ƙyale wasu 'yan ƙalilan su tsaya su karanta sanarwarsu.

A ganina nan ne ƙashin bayan matsalar yake. Turkiyya ba ta rasa dokoki masu kyau ba, kuma ba ta rasa alƙalai masu faɗin gaskiya ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne biyayya ga hukuncin kotu idan ya saɓa wa son ran masu mulki. Ku ɗauki Osman Kavala, ɗan kasuwa mai tallafa wa ayyukan al'adu, wanda aka tsare a watan Oktoban 2017 bisa zargin ɗaukar nauyin zanga-zangar wancan lambu da muka baro. A watan Disamban 2019 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce a sake shi nan take, domin an tsare shi ne don a rufe masa baki. A watan Fabrairun 2020 wata kotun Istanbul ta wanke shi, amma kafin ya taka ƙofar gidansa aka sake kama shi da wata tuhuma, sannan a watan Afrilun 2022 aka yanke masa ɗaurin rai da rai mafi tsanani. In ɗan yi tsokaci a nan, domin mutane na yawan ruɗewa: wannan kotu da ke Strasbourg ba ta Tarayyar Turai ba ce, ta wata ƙungiya ce ta daban mai suna Majalisar Turai (Council of Europe), wadda Turkiyya ke cikinta tun shekarun farko na kafuwarta. Saboda haka ba wani baƙo ne ya ƙaƙaba mata hukuncin ba, alkawari ne da ta ɗauka da kanta, ta kuma rubuta shi a wancan sashe na 90 da na ce ku riƙe.

Haka aka yi da Selahattin Demirtas, jagoran siyasar Kurdawa da aka kama a watan Nuwamban 2016, wanda kotun ta ce a saki a Disamban 2020, amma aka yanke masa shekara 42 a 2024. Na Can Atalay ya fi ɗaure kai, domin a nan kotunan cikin gida ne suka juya wa juna baya. Lauya ne da aka zaɓa ɗan majalisa a 2023 yana kurkuku, Kotun Tsarin Mulki ta ce a sake shi, sai babbar kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi bin umarnin, har ta nemi a binciki alƙalan da suka yanke hukuncin, daga bisani majalisa ta ƙwace kujerarsa a watan Janairun 2024.

Ba zai yiwu a fahimci wannan tsanantawa ba sai an tuna daren 15 ga Yulin 2016, lokacin da wani ɓangare na soja ya yi yunƙurin juyin mulki, aka jefa wa ginin majalisa bama-bamai, mutane kimanin 250 suka rasa rayukansu. Duk wanda na zanta da shi a nan yana tuna inda yake a wannan dare, kuma da yawansu har yau suna jin zafin yadda shugabannin Turai suka yi jinkirin zuwa jaje. Wannan ƙorafi nasu yana da hujja. Amma dokar ta-ɓacin da ta biyo baya, wadda ta kai har Yulin 2018, ta kori ma'aikatan gwamnati sama da 100,000 ta hanyar dokokin gaggawa na gwamnati, sunan mutum ya fito a jerin da aka buga da dare, washegari ba shi da aiki, sau da yawa ba shi da fasfo. Akwai kuma kalmar da za ka yi ta ji a bakin mutane, wato “kayyum”, ma'ana wakilin da gwamnati ke naɗawa ya maye gurbin zaɓaɓɓen magajin gari da aka tsige, abin da ya fi shafar garuruwan Kurdawa na kudu maso gabas. A 2021 ƙasar ta fice daga yarjejeniyar kare mata daga cin zarafi, wadda ke ɗauke da sunan wannan birni saboda a nan aka sanya mata hannu a 2011. A ranar 19 ga Maris ɗin 2025 kuma aka kama magajin garin Istanbul, Ekrem Imamoglu, kwanaki kaɗan kafin jam'iyyarsa ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa.

Me Turai ta yi a cikin waɗannan shekaru? Rahotanni dai ana fitarwa duk shekara, amma cinikin da ya fi tasiri shi ne na watan Maris ɗin 2016, inda Tarayyar ta yi alkawarin yuro biliyan 6 domin kula da 'yan gudun hijirar Siriya, waɗanda daga baya yawansu a Turkiyya ya taɓa haura miliyan uku da rabi, ita kuma Turkiyya ta hana su tsallakawa zuwa tsibiran Girka. An haɗa da alkawarin cire wa Turkawa biza idan ƙasar ta cika sharuɗɗa 72, kuma ta cika mafi yawansu, sai dai ta tsaya a kan 'yan kaɗan, babba daga ciki shi ne taƙaita ma'anar ta'addanci a dokarta, dokar da ake amfani da ita wajen gurfanar da 'yan jarida da lauyoyi. Wata abokiyar karatuna 'yar nan ƙasar ta samu gayyatar gabatar da maƙala a wani taro a Turai, ta tara takardu kusan kauri ɗaya da littafi, ta yi makonni tana jiran ranar ganawa, bizar ba ta fito ba sai bayan an watse daga taron. Da na tambaye ta wa take ganin laifinsa, sai ta ce mini gwamnatinsu ta san sharaɗin da ya rage ta ƙi cikawa, su kuma Turawan sun samu mai gadin iyaka, ba su da sauran gaggawa.