Gida a duniyar wata: ina kuɗin suke tafiya?

Tun da hotunan gidajen duniyar wata suka cika intanet, mutane ke ta tambaya: tunda an je a 1969, me ya hana a yi gini?

Ku ɗauki misalin rokar Saturn V, wadda ta kai 'yan sama jannatin Amurka wata. Nauyinta a lokacin tashi kusan tan 2,900. Kumbon da ya sauka a wata kuwa, tan 15 ne. To sauran nauyin fa? Yawancinsa mai ne.

Nan ne mutane ke ɓacewa, don haka mu bi a hankali. Roka ba ta da wurin tsayawa shan mai a hanya. Man da za ta ƙona a ƙarshen tafiya, da shi take tashi tun daga ƙasa. Shi ma man nauyi gare shi, sai an ƙara wani man da zai ɗaga shi, wannan ɗin ma yana son nasa. Kilo ɗaya idan ka ƙara a kayan da za su sauka, ka ƙara kilo masu yawa a gindin roka. Ga shi wata ba shi da iska, balle a buɗe lema a sauko sannu. Birki ma da mai ake taka shi.

Sai a lissafa da ruwan sha, abinci, iskar numfashi, batura da kayan gyara. A 2022 babban mai binciken kuɗi na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya ƙiyasta cewa kowane tashi na farko-farkon shirin Artemis, na mayar da mutane wata, zai ci kimanin dala biliyan 4.1. Tashi ɗaya fa.

Shi ya sa kowa ya zuba wa kudancin wata ido. A can akwai wasu ramuka baƙi ƙirin, rana ba ta taɓa leƙa cikinsu. A 2009 NASA ta rafka wani ɓangaren roka a ɗaya daga cikinsu, mai suna Cabeus, da gangan, aka ga ruwa a ƙurar da ta tashi. Ruwan a daskare yake, ƙanƙara ce. Idan an narka ƙanƙarar aka raba ta da lantarki, kilo 9 na ruwa zai ba da kilo 8 na oksijin da kilo 1 na haidurojin. Ga na numfashi, ga man roka, ba tare da an yi dakonsu kilomita 384,000 ba.

A takarda abin gwanin sha'awa. Amma ƙanƙarar a cakuɗe take da ƙasa, cikin duhu da sanyin da ke sandarar da na'ura. Haidurojin iska ne, ba ya zama ruwa-ruwa yadda za a zuba shi a tankin roka sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri. Ƙurar wata kuma kaifi gare ta kamar garin gilashi. Kwana uku kacal 'yan sama jannatin kumbon Apollo 17 suka yi a wata a 1972, ta fara cinye musu kayan sawa.

Lantarki fa? A yawancin wata, dare ɗaya kwana 14 ne na duniya, shi ya sa ake maganar ƙaramar tashar nukiliya.

A ganina, hotunan ɗakuna masu kyau ba su ne abin sa ido ba. Ku jira ranar da wata na'ura za ta haƙo ƙanƙarar ta cika tanki ɗaya a can. Har yanzu babu ƙasar da ta yi.