Amsoshin Tambayoyinku: Hanyoyi sun iso, amma rauta ta ƙi amfani da su

Jama'a masu saurare, wasiƙa ta gaba daga wani bawan Allah ce mai kula da kwamfutocin wata ma'aikata a Zariya. Ya ce rautoci biyu gare su, wato na'urorin da ke zaɓar wa saƙo hanyar da zai bi: ta bakin iyaka mai haɗe da kamfanin intanet, da ta cikin gida, ya kuma haɗa su ta BGP, tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyin intanet da shi. Ta cikin gidan tana karɓar hanyoyin kaf, yana ganinsu da idonsa, amma ko ɗaya ba ta shiga teburin hanyoyi, wato jerin da rautar ke aiki da shi. Shin lalacewa ta yi?

To Malam, kwantar da hankalinka, rautarka lafiyarta ƙalau. Ƙa'idar BGP ce haka, tana nan cikin kundin ƙa'idojinta, RFC 4271 na 2006. Idan rautar iyaka ta samo hanya daga waje ta miƙa wa 'yar'uwarta ta ciki, ba ta taɓa adireshin zango na gaba, wato na rautar da za a miƙa wa saƙo, yana nan yadda kamfanin ya turo shi. Ita kuwa ta ciki ba ta san inda wannan adireshi yake ba. Kamar a ce maka kai kaya gidan wane ne, alhali ko unguwar ba ka sani ba. Sai ta ajiye hanyar a gefe.

Idan rautarka ƙirar Cisco ce, rubuta show ip bgp tare da hanya ɗaya, za ka ga kalmar inaccessible, wato ba a iya kaiwa, daf da adireshin. Ƙirar Juniper kuwa ɓoye irin waɗannan hanyoyi take yi, sai ka nema da show route hidden.

Magani biyu ne. Ko ka saka layin da ke tsakaninku da kamfanin cikin OSPF, tsarin da rautocin cikin gida ke sanar da juna hanyoyi da shi, ko ka ba rautar iyaka umarnin next-hop-self domin ta riƙa sa adireshinta a matsayin zango na gaba. Ni na fi son na biyun, don ban ga dalilin cusa adireshin wasu cikin tsarin gidanka ba. Sai dai a kula: in da loopback, wato adireshin rautar kanta wanda bai rataya ga wani layi ba, kuka ƙulla zumuncin BGP tsakanin rautocin biyu, dole shi ma OSPF ya san shi, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba. Kuma don Allah kar ka yanke zumuncin BGP ɗungurungum ana tsakar aiki, bayan gyaran sabuntawar soft, wadda ba ta katse zumuncin, ta wadatar.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi kuma ta ce rautarta tana kaiwa ga zango na gaba da ping, wato saƙon gwaji, amma kwamfutocin ofis ba sa kaiwa. Malama, duba hanyar dawowa. Galibi ɗaya rautar ce ba ta san adireshin kwamfutocinku ba, saƙo ya je, amsa ta rasa ta inda za ta komo.