Wa ke tambayar mai jinya?

Assalamu alaikum. Iyayena mata da ke can baya, kuna jina? To madalla.

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Malam ko na Murtala a Kano ya san gaisuwar. "Ya mai jiki?" A ce, "Da sauƙi." Ita kuwa mai ba da amsar, wata uku ke nan tana kwana kan tabarma a gindin gado, ba wanda ya ce mata ya naki jikin. Ranar da ciwon daji ya yi nisa aka sallamo ku gida, ita ce nas, ita ce mai wanki, ita ce mai amsa wayar dangi.

A Amurka akwai wani shiri mai suna ENABLE, inda ma'aikacin da aka horar yake kiran mai jinya, wato mai kula da mara lafiya, a waya mako-mako. Ba wa'azin haƙuri yake mata ba, wannan ta sha shi har ta ƙoshi. Tambayarta yake: me ya fi damunki a makon nan? Su ɗauki abu ɗaya su warware.

Mu ɗauki maganin zafin ciwo. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ba da shi kan lokaci, ba sai mara lafiya ya fara murƙususu ba. Amma mai jinya tana tsoron mofin, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, tana ganin ita za ta ƙarasa Baba da hannunta, sai ta rage abin da likita ya rubuta, su kwana ba barci su biyun. Da ta sami mai zaunar da ita, da ta san yadda ake auna shi, ta san yana kawo taurin bayan gida, a nemi maganinsa tun wuri. Haka juya mara lafiya duk awa biyu saboda gyambon kwanciya. Haka in ya ture kwanon kunu: ciwon ne ya ɗauke masa ci, ba girkinta ba.

Ku kuma maza, kar ku sunkuyar da kai. Turo kuɗin magani ba ya ɗauke kwana. Ku raba kwanakin a takarda, Yaya ya ɗauki Juma'a, ƙane Asabar, ta samu ta runtsa. 'Yan dubiya kuma, don Allah, ku daina zuwa mota guda har sai ta ɗora muku tukunya.

Na ji an kira La'asar. Tambayoyi sai mun idar.