Darbejiyar Bayan Gida da Injin Aro

AUTA: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma daga zauren gidanmu muke, a nan ƙasar Kura. In kun ji kukan zabi ko rugugin injin ban ruwa, ku yi haƙuri, haka ƙauye yake. Ga Gwaggo, ga Kawu. Gwaggo, ina wuni, ya sanyi?

GWAGGO: Lafiya lau Auta. Sanyi lokacinsa ne, mu masu lambu ai murna muke da shi.

KAWU: Kafin ka ja mu da gaisuwa, faɗa wa jama'a abin da na tarar jiya a ɗakinka, naɗe a buhu.

AUTA: Haba Kawu, tun ba a je ko'ina ba za ka tona ni?

KAWU: In ba ka faɗa ba ni zan faɗa.

AUTA: To, injin yankan itace ne. Wani abokina ya ba ni aro. Darbejiyar nan ta bayan gida nake so in kayar, ta hana lambuna ganin rana.

KAWU: Ka taɓa riƙe shi?

AUTA: Na dai kalli yadda ake yi a YouTube.

GWAGGO: Innalillahi! A waya ka koya? Ɗan nan, kai da ko gatari in ka ɗaga sai an matsa.

AUTA: Bari in yi wa masu sauraro bayani, kada su ɗauka hauka nake. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zaman birni ya gagare ni, na dawo gida. Na ce da kaina, ga fili, ga rijiya, me zai sa in riƙa sayen kayan miya? Nufina in daina cefane gaba ɗaya, komai in yi da hannuna.

GWAGGO: Gaba ɗaya? To gishirin a wane kwami za ka shuka shi? Ka ga, tun ina yarinya gidan nan ba a sayen kuka, ba a sayen kuɓewa, ba a sayen daddawa. Amma ba mutum ɗaya ke yinsu ba. Wannan ta daka kalwa, waccan ta shanya kuɓewa, a yi musaya ta kan katanga. Ranar shiga rumbu ko yaɓen ɗaki a kira gayya. Wanda bai iya abu ba, ya san ƙofar gidan wanda ya iya. Ku ne kuka zo da wannan "ni kaɗai".

AUTA: Na karɓa. Amma ai lambun ya yi kyau, ki faɗi gaskiya.

GWAGGO: Karo na uku ya yi kyau. Na farko fa? Ka kwaso kashin kaji ɗanye daga akurki ka zuba wa ƙananan tumatir, kwana biyu suka ƙone ƙurmus. Kashin kaji zafi ne da shi, sai an tara shi ya ruɓe, ya yi baƙi, warin ya mutu, sannan a kai shi kusa da shuka. Na biyu kuma ka watsa irin alayyahu kamar mai ba tsuntsaye sadaka, ya fito cunkus, babu wanda ya yi ganye.

AUTA: Ƙwayar ce ƙanana, ba ta kamuwa a hannu.

GWAGGO: Shi ya sa ake cuɗa ta da yashi kafin a watsa. In ka yi haka, ka ba shi ruwa safe da yamma, sati uku zuwa huɗu ka fara yanka. Duk wanda zai fara lambu, da alayyahu zan ce ya fara, sai rama da yakuwa da lalo, don ba su da fushi. Kuɓewa wata biyu ta fara ba ka, amma sai kana tsinka duk bayan kwana biyu ko uku. Ka bar ta ta ƙosa a jiki, uwar ta ɗauka ta gama aikinta, ta daina fure. Wadda ba ta da fili ma ta cika tsofaffin buhuna da ƙasa da taki, ta jera a tsakar gida, ruwan alwala kaɗai ya ishi buhu biyu ko uku.

KAWU: Zogale kuma ka datse masa kai in ya kai ƙirji. In ba haka ba sai ya miƙe kamar turken wuta, ganyen yana can sama.

GWAGGO: A inuwa kuma ake shanya shi. Rana tana cinye masa kore.

AUTA: Tumatir fa? Shi ne ya fi ba ni wahala.

GWAGGO: Tumatir ɗan sarauta ne. Sai ka yi masa reno wajen sati huɗu, ka dasa da la'asar don kada rana ta buge shi yana sabon wuri. Sanyin hunturu yake so. Wanda ya makara har zafin Maris da Afrilu ya riske shi, zai ga fure yana zuba ba ɗa. Sannan ga sharon, ƙwaron nan mai cinye tumatir.

KAWU: Kada ki tuna min 2016.

AUTA: Shekarar da Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Na karanta cewa ƙwaron daga Kudancin Amurka ya samo asali, Tuta absoluta ake kiransa, a 2006 ya shiga Sifen, daga nan ya gangaro Afirka.

KAWU: Mu ba karantawa muka yi ba, gani muka yi. Daga Kadawa zuwa Garun Malam, gonakin da ke shan ruwan Tiga, ka wuce gona kore shar, bayan 'yan kwanaki ka dawo kamar an bi ta da wuta.

GWAGGO: Tsutsar a cikin ganyen take, tsakanin sama da ƙasansa, shi ya sa feshi ba ya kai mata yadda ake so. A ƙaramin lambu idonka ne magani. Kullum da safe ka duba, ganyen da ka ga farin tabo kamar an kankare, ka cire ka ƙone ko ka binne. Kuma ga abin dariya, Auta: bishiyar da kake son kayarwa, ita ce kantin maganina. 'Ya'yan darbejiya nake dakawa, in jiƙa su kwana, in tace, in ɗan sa sabulu, in fesa da yamma. Ba ya kashewa nan take kamar na kwalba, amma yana hana ƙwari ci. Ba kuma na tsoron in tsinki ganye in kai tukunya.

AUTA: To ai ga wata a ƙofar gida. Wannan dai inuwarta ta yi yawa. Kawu, mu zo kan injin. Me ya sa ka ɗauke shi ka kulle a ɗakinka?

KAWU: Saboda shekara da shekaru na yi ina cin abinci da shi, na san halinsa. Tumatir ɗinka da suka ƙone, nawa ka yi asara? Kuɗin iri. Ka sake shukawa. Sarƙar injin nan tana gudun kusan mita 20 a sakan ɗaya. Kafin ka ce wayyo ta gama.

AUTA: Amma ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

KAWU: Haka ne, kuma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara. Bari in tambaye ka. Da wane kaya za ka yi aikin?

AUTA: Da jallabiyar nan mana, da silifa.

KAWU: Kin ji ko, Hajiya? Jallabiya, hirami, babbar riga, duk abin da ke lilo sarƙa tana iya cafkewa. Aikin nan yana son kaya masu kama jiki, takalmi mai rufe idon sawu, hular kwano, tabarau, safar hannu, da abin toshe kunne. Ƙararsa ta haura desibel 100. Kunnena na hagu da kuke min tsiya sai an ɗaga murya, injin ne ya ci shi. Akwai ma wando na musamman mai zare cunkushe a ciki, in sarƙa ta taɓa shi zaren ya shaƙe injin ya tsaya. Tsada gare shi, amma bai kai ƙafa ba.

GWAGGO: Ni ban taɓa ganin mai yankan itace da wannan wandon ba.

KAWU: Shi ya sa kike ganin tabo a cinyoyinmu. Amma babban abin tsoro shi ne abin da ni nake kira harbi. Ka ga faffaɗan ƙarfen nan da sarƙa ke kewayawa? Can hancinsa, ɓangaren sama. In wurin ya taɓa reshe, ko ƙusa, ko katanga, injin yana tashi sama ya dawo maka fuska, kamar jaki ya yi harbi. Ba ƙarfin damtse ke tare shi ba. Don haka ba a yanka da hanci. Hannun hagu a mariƙin gaba, babban yatsa ya zagayo ta ƙasa ya kulle, hannun dama a baya, ko da kai bahago ne. Jikinka kuma ya ɗan kauce gefe, kada fuskarka ta yi saiti da sarƙa.

AUTA: Ba don wannan aka yi masa birki ba? Robar nan da ke gaban hannu.

KAWU: Madalla, ka kalli wani abu. To na abokin naka ka duba shi?

AUTA: Gaskiya ban duba ba.

KAWU: A karye yake, an ɗaure shi da waya. Kayan aro ke nan, ba ya rufe katara. Na duba sarƙar kuma, wani gwani ya sa magagari ya cinye 'yan ƙusoshin da ke gaban kowane haƙori, wai don ya fi ci. Su ne ke hana haƙori nutsewa da yawa. In ka rage su fiye da kima, injin ya riƙa fizga, harbin ya ƙaru. Ga baƙin man mota an zuba a gidan man sarƙa. A tankin ma ban san wane haɗi aka yi ba. Kamfanonin da ke ƙera injin, Stihl da Husqvarna, duka 50 da 1 suka ce, wato fetur lita 5, mansa mililita 100, irin man da ake haɗa wa ƙaramin janareto. In za ka ƙara mai ka bari ya huce, ka matsa kamar mita 3 daga wurin kafin ka tayar. A ƙasa ake tayar da shi, birki a kulle, ƙafa a kan mariƙin baya. Wannan da samari ke yi, su riƙe igiya su cilla injin ƙasa, burga ce kawai.

AUTA: Ni da niyyata in hau tsani in fara rage rassan sama.

GWAGGO: Tsani! Malam, ka ƙara wa ɗakin nan kwaɗo.

KAWU: Ba a ɗaga shi sama da kafaɗa, balle a hau tsani da shi. Kayar da bishiya kuma karatu ne daban. Sai ka duba ina ta karkata, ina nauyin rassa yake, ina iska ta dosa. Ka fara yanke baki a gefen da kake so ta faɗi, ka zagaya baya ka yanka, amma ka bar wani sashe a tsakiya bai yanku ba, shi ke riƙe ta kamar ƙyauren ƙofa. Ka share hanyar gudu tun kafin ka fara, baya ta gefe, ba saitin gindin ba. Kowa ya yi nisan tsawon bishiyar sau biyu. To auna min darbejiyarka sau biyu. Me ke ciki?

AUTA: Madafin Gwaggo, da turken awaki, da hanyar da yara ke bi zuwa makarantar allo.

GWAGGO: Madafina! Ashe ni aka shirya wa.

KAWU: Kuma ba a yin aikin nan mutum ɗaya. Na taɓa ganin yaron da sarƙa ta kama a ƙauri, mutane suka rufu, wannan ya ɗebo ƙasa, wancan ya kawo baƙin mai wai a zuba. Kada a zuba komai. A danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a yi ta ɗagawa ana leƙe. In jini yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure tamau a saman raunin, a riƙe lokacin da aka ɗaure, a nufi asibiti, a yi masa allurar tetanus.

AUTA: To yanzu lambun nawa ya zauna a inuwa ke nan?

KAWU: Wa ya ce? Rana ta safe kake nema. A kira masu hawa su rage rassan gabas da adda, yini ɗaya sun gama. Darbejiya ba ta jin sara, kafin damina ta wuce ta sake tohowa. Ko da kayarwar ce ma, sai an je wurin malamin daji an nemi izini, ba a faɗa wa bishiya haka kawai.

GWAGGO: Mutanen Maraɗi ma da suka aske gonakinsu tas, ai dawowa suka yi suna lallashin kututture.

AUTA: Sassabin zamani. Tun wajen 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara da manoman can. In kututture ya toho, a zaɓi tsiro mafi ƙarfi a bari, a rage sauran. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a yankin Maraɗi da Damagaram.

KAWU: Ka san wannan duka, ka tafi aron inji.

AUTA: Kawu, a bar tone-tone. Gobe zan mayar masa da kayansa.

KAWU: Ba za ka mayar ba sai na kai an gyara birkin, kada ya ba wani aro a haka. Kuɗin gyaran kuma daga aljihunka.

GWAGGO: Rassan da za a sauke kuma nawa ne, tun yanzu na faɗa a gaban jama'a. Masu kauri in yi shinge, awakin maƙwabta sun ishe ni, sirara a kafa wa tumatir.

AUTA: Bishiyar tawa, kuɗin masu hawa nawa, itacen na Gwaggo. To masu sauraro, ga ladan can ya fara gyaran murya. Mako mai zuwa Gwaggo za ta nuna mana yadda take kauɗar tumatir ba yashi a ciki.

GWAGGO: Ka zo da wuƙa mai kaifi da tabarma wankakkiya. Ban da inji.

AUTA: Mu kwana lafiya.