Mota Ta Ƙi Tashi: Daga Ina Ake Fara Dubawa?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu huɗu zan taɓa: batir, kik (na'urar da ke juya inji don ya tashi), mai, sai wutar fulogi.

Kafin a buɗe bonet, kunne ake fara sawa. Ka murɗa makulli, me ka ji? Shiru ne, ko ƙas-ƙas-ƙas da sauri, ko ƙas guda ɗaya mai nauyi? Injin yana juyawa da ƙyar, ko kuwa yana juyawa garau amma bai kama ba? Idan yana juyawa da ƙarfinsa, ku ƙyale batir da kik, a nemi laifin wajen mai ko wutar fulogi. Sauran duka maganar wutar batir ce, da hanyar da take bi, da kik ɗin kansa.

To, batir. Lafiyayyen batir da ya kwana ba a taɓa shi ba, mita za ta nuna bolt 12.6. In ta nuna 12.2, cajinsa ya koma kusan rabi. Ƙasa da 12, ya sauka. Amma wannan awon bai isa ba, na sake faɗa, bai isa ba. Batir zai nuna maka 12.5 yana zaune, a yi ki, wato a murɗa makulli don tayar da mota, ya zube, domin kik ɗin ƙaramar mota yana jan sama da amfiya 100. Bar mita a jikinsa, wani ya yi ki, kai ka zuba ido. In ta faɗi ƙasa da 9.6, ko dai ba caji ko batirin ya mutu.

Ga inda kuɗin mutane ke salwanta. Batir lafiyarsa lau, amma wutar ba ta isa kik. Mutum ya tafi Ƙofar Ruwa ya sayo sabo, kwana uku ta yi kyau saboda an motsa kan batir wajen ɗaurawa, daga nan ta koma gidan jiya. Kan batir ne, jama'a! Farin garin nan ko kore-kore da ke taruwa a kai, shi ke tare wuta. Ɗora bakin mita ɗaya a kan darmar batir, ɗayan a kan maɗaurin da ya riƙe ta, a yi ki. Tsakaninsu ko ɗan yatsa ba zai shiga ba, don haka bai kamata a ga komai ba. In ka ga ya wuce bolt 0.2, datti ne ko sako-sako. Sannan wayar at, wadda ta tashi daga nagetif zuwa bodi da jikin inji. Baki ɗaya a nagetif, ɗaya a ƙarfen inji, a yi ki. In ya kai rabin bolt, wayar ta ci ko ƙullinta ya yi tsatsa. Ba ka da mita? Ɗauko wayar jona batir guda ɗaya, ka haɗa nagetif da jikin inji kai tsaye. In ta tashi nan take, ka kama ɓarawon.

Wanki kuwa ruwan zafi ne da 'yar kanwa, a goge da samfefa har darma ta yi haske, a ɗaure da sufana mai lamba 10, a shafa giris a sama. Nagetif ake fara cirewa, shi ake mayarwa ƙarshe, don in ka fara da fozitif sufana ta taɓa bodi, tartsatsi ne. Masu buga ƙusa a kan batir, na ga wasu sun sunkuyar da kai (dariya). Alhaji, ba da kai nake ba. Ƙusa tana kai ka gida yau, gobe ta farfasa darmar. Sabon maɗauri ake sawa.

Mutane na cewa hunturu ne ke kashe batir. Zafin Afrilu ne, lokacin da Kano ke haura digiri 40, ruwansa ya ƙone, farantansa su lalace. Hunturu tona asiri kawai yake yi, da asubar Janairu baƙin mai ya yi kauri, batirin ya kasa. In mai murfi ne, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ban da asid, ban da ruwan burtsatse. A auna alteneta ma, wato abin da ke cajin batir: inji na aiki, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5. Kuma don Allah a daina cire kan batir mota na kunne wai gwajin caji. A tsohuwar Fijo 504 an sha da haka, a motar yanzu birin bokis, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, za ka iya ƙonawa, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Motar da ke shanye batir cikin dare kuma, a binciki tiraka da rediyon da aka jona daga baya.

Na biyu, ko na uku muke? An nuna mini agogo. Kik: ƙas ɗaya, fitila na nan da haskenta, to burushin cikin kik ne ya cinye ko solinoyid, wato makunnin da ke sakar wa kik wuta. Bugunsa da ƙarfe na iya tayar da ita sau ɗaya, amma a kai wa riwaya, mai gyaran wutar mota. Kada a riƙe ki ya wuce daƙiƙa 10. Mai otomatik in ya ji shiru, ya gwada da giya a N. Mai kuwa, buɗe makulli ba tare da ki ba, ka saurari gurnanin fuwal fam na kamar daƙiƙa 2 daga wajen tanki. Ba ka ji ba, fis da rile za ka fara dubawa kafin a sauke tanki. Yawo da tanki a bushe da man bumburutu mai ruwa su ke kashe fam. Fulogi da iya-kilina, ƙurar hunturu... na'am, Hajiya?

(Tambaya: Malam, tawa da safe ki ɗaya take tashi, amma in na yi tafiya na tsaya a kasuwa, sai ta ƙi har sai ta huce.)

Tana juyawa, Hajiya? Tana juyawa. To ba batir ba ne, kada a sayar miki. Abu biyu nake zargi. Akwai sansar kiransha, wadda ke gaya wa birin bokis cewa inji na juyawa. In ta fara mutuwa, zafi ne ke ɗauke ta, sai a rasa wutar fulogi da mai gaba ɗaya, ta huce ta dawo. A motoci da yawa za ki ga allurar juyin inji ba ta ko motsi lokacin ki, kuma kwamfutar gwaji ta makaniki kan nuna lambar P0335. Ɗayan kuma nozul, mai fesa wa inji mai, ne ke ɗiga bayan an kashe mota, mai ya cika silinda. Gwajinsa, taka totur har ƙasa ki yi ki. In ta tashi da baƙin hayaƙi da warin fetur, nozul ne. Kuma kada ki kai ta gareji da sanyin safiya, ba za su ga komai ba. Ki zaga da ita ta yi zafi, ki kashe ta a gaban makanikin, ya jona kwamfuta a lokacin da take ƙin tashin.